Dabbar da Ta Shuka Daji Ta Tafi Babu Magaji

A mahaɗar Rumuokoro, inda titin Ikwerre ya gitta babbar hanyar East-West a ƙaramar hukumar Obio/Akpor ta Fatakwal, akwai lokacin da fiya ke cika tire da baro. Matan gari na kasa ta uku-uku a bakin kwalta, ƙarƙashin gadar sama, kafaɗa da kafaɗa da 'yan uwanmu masu albasa da tumatir da suka gangaro daga Arewa. Mai saye ya latsa ta da babban yatsa, in ta yi laushi ya biya. A gida ya tsaga ta biyu, ya kwashe naman da cokali ya shafa wa burodi, ƙwallon kuwa sai bola.

Ƙwallon nan shi ne abin dubawa, don ya kusa cika tafin hannun yaro. Itace ba ya yin 'ya'ya masu daɗi don sadaka. Lada ce yake biyan duk wanda zai haɗiye irinsa, ya yi nisa da shi, ya kasayar da shi inda inuwar uwa ba za ta danne tsiron ba. Ɓaure ya yi ƙananan iri, jemage da tsuntsu sun ishe shi. To wace dabba ce ke da maƙogwaron da ƙwallon fiya zai wuce salin-alin?

A 1982 wasu masana biyu 'yan Amurka, Daniel Janzen da Paul Martin, suka fitar da wata maƙala a mujallar Science wadda ta tayar da ƙura. Janzen ya daɗe yana aiki a dazukan Kosta Rika, ya lura da itatuwan da 'ya'yansu ke zuba tuli a gindi suna ruɓewa, babu mai ɗauka in ban da dawaki da shanun da Turawan Sifaniya suka kawo daga baya. Su biyun suka ce itatuwan nan marayu ne, masu cin 'ya'yansu sun ƙare fiye da shekara 10,000 da suka wuce. Cikin waɗanda suka ƙare akwai wasu dangin giwa, da dawakan asali na nahiyar, da wata dabba da ba mu taɓa yin irinta a Afirka ba.

Ƙananan danginta suna nan da rai a kurmin Amurka ta Tsakiya da ta Kudu. Mai kallon shirye-shiryen namun daji a talabijin ya san su: wata 'yar dabba mai nauyin kilo huɗu zuwa takwas, tana rataye a reshe ƙafafu sama, tana motsi da nawa har gansakuka ta tsiro mata a gashi, ba ta sauka ƙasa sai kamar sau ɗaya a mako don ta yi bayan gida. Mu kira ta raggon bishiya. Manyan danginta da suka ƙare kuwa, mu kira su raggon ƙasa, a ƙasa suka yi zamaninsu, kuma babban cikinsu ya kai nauyin giwa.

Akwati bakwai zuwa Madrid

A 1787 wani malamin coci mai suna Manuel de Torres ya tono wasu manyan ƙasusuwa a gaɓar kogin Luján, yamma da birnin Buenos Aires a Ajantina ta yau. Wakilin sarkin Sifaniya ya sa aka zuba su a akwati bakwai, aka yi jirgin ruwa da su zuwa Madrid a 1788. Da labari ya kai ga Sarki Carlos na Uku, sai ya aika da umarni a nemo masa dabbar da ranta, ko ƙarama ce, in kuma ba ta samu ba a kawo busasshiyar fatarta cushe da ciyawa. Kada a yi wa sarkin dariya. A zamaninsa malamai da yawa ba su yarda cewa wata halitta na iya ƙarewa ƙurmus daga doron ƙasa ba. In ga ƙashi, to mai ƙashin yana can wani lungu da ba a kai ba.

Juan Bautista Bru ya harhaɗa ƙasusuwan ya tsayar da su a gidan tarihin sarki, kuma har gobe suna Madrid. Zanen da ya yi ne ya faɗa hannun wani matashin masani a Faransa, Georges Cuvier. Bai je Madrid ba, bai taɓa ƙashi ko ɗaya ba. Daga takarda ya dubi ƙoƙon kai da haƙora da farata, a 1796 ya yanke hukunci cewa wannan dodo ɗan uwan raggon bishiya ne, ya raɗa masa suna Megatherium, ya kuma ce babu sauransa a duniya. Wannan na cikin hujjojin farko da suka sa ilimin zamani ya karɓi maganar ƙarewar halittu.

Tsawon Megatherium daga hanci zuwa wutsiya ya kai mita shida, nauyinsa kusan tan huɗu. Faratansa sun yi tsawon da ba ya iya shimfiɗa tafin ƙafa, sai dai ya taka da gefenta. Ƙugunsa faffaɗa ne, wutsiya kuma kakkaura, shi ya sa yakan tashi a kan ƙafafun baya, wutsiyar ta tokare shi, ya miƙa hannu ya jawo reshen da babu wata dabbar nahiyar da ke kaiwa gare shi. Ba shi da haƙoran gaba. Turamen da yake da su kuwa ba su da farin ɓawon nan mai tauri irin namu, suna cinyewa suna sake tsirowa har mutuwa.

Ba shi kaɗai ba ne. Danginsa jinsi ne barjat, daga Patagoniya a can ƙuryar kudu har Alaska. Akwai ma wanda ake kira Thalassocnus da ya koma kiwo a cikin teku a gaɓar Peru, yana cin ciyawar ƙarƙashin ruwa. Thomas Jefferson, kafin ya zama shugaban Amurka, ya gabatar da takarda a 1797 kan ƙasusuwan wani daga cikinsu da aka samu a wani kogo a yankin da ya zama jihar West Virginia. Faratan suka ruɗe shi ya ɗauka wani ƙaton zaki ne, ya kuma sa ran yana nan yana yawo a yammacin ƙasar. Charles Darwin ma ya kwaso nasa a Punta Alta ta Ajantina a 1832, Richard Owen ya raɗa wa ɗaya suna Mylodon darwinii.

Wannan Mylodon ɗin ya so ya mayar da mutane kan ra'ayin Sarki Carlos. A 1895 wani Bajamushe makiyayi, Hermann Eberhard, ya tsinci wani yankin fata a wani ƙaton kogo kusa da Puerto Natales a kudancin Chile. Ga gashi a jiki, ga wasu ƙananan ƙasusuwa jere a cikin fatar tamkar sulke, kuma ba ta yi kama da tsohon abu ba. Jaridar Daily Express ta Landan har ta ɗauki nauyin wani mafarauci, Hesketh Prichard, ya tafi neman dabbar a 1900. Ya dawo hannu rabbana. Daga baya gwaji ya nuna fatar ta haura shekara 10,000. Sanyi da bushewar kogon ne suka adana ta.

Abin da kashi ya faɗa

Ƙashi yana nuna siffar dabba. Sana'arta kuwa, wato me ta ci, ina ta kai shi, sai an duba abin da ta bari a baya. A kogon Rampart da ke cikin kwazazzabon Grand Canyon a jihar Arizona, wani ƙaramin jinsi mai suna Nothrotheriops, mai nauyin kilo 250 ko kusa da haka, ya yi dubban shekaru yana shiga yana fita, yana kasaye a wuri guda. Kashin ya taru hawa-hawa, ya bushe bai ruɓe ba. Na ƙasa ya kusa shekara 40,000, na sama kuma bai wuce 11,000 da 'yan kai ba. Daga nan shiru. Masu bincike sun farfasa dunƙulen suka ƙirga dangin tsirrai 72 a ciki, galibi ƙananan itatuwan hamada masu ɗaci da ƙaya. A 1976 wuta ta kama a kogon ta hannun ɗan Adam, ta yi watanni tana ci a hankali, mafi yawan tarin ya zama toka. Wanda ya ji an ce kashi ya ƙone zai yi murmushi, amma littafin shekara 30,000 ne na ruwan sama da tsirrai da abincin dabba ya tafi.

A kogon Gypsum na jihar Nevada an samu irin wannan kashi cike da ganye da 'ya'ya da irin wani itacen hamada da ake kira Joshua. Nan maganar Janzen da Martin ta samu ƙafar tsayawa. Dabbar na cin 'ya'yan, ta yi tafiyarta, ta zubar da irin a wani wuri cikin takinsa. Yau ɓeraye da kuregu ne ke jan irin Joshua su binne, kuma ba sa yin nisa da gindin uwa. Yanzu da zafi ke ƙaruwa a hamadar Mojave, itacen na buƙatar ƙaura zuwa wurare masu sanyi, amma mai ɗaukar kayansa ya daɗe da mutuwa.

Fiya fa? A nan sai an yi hattara, don labarin ya fi hujjarsa daɗi. Ya bazu ne musamman bayan littafin Connie Barlow na 2000 kan 'ya'yan itatuwan da suka rasa masu cinsu, har ya zama abin da ake yaɗawa a intanet kamar karatun da aka gama. Sai dai duk kashin raggon ƙasa da aka tona, ba a ga ƙwallon fiya a ciki ba. Fiyar daji ta Meziko ƙarama ce, ƙwallonta bai kai na kasuwa ba. Kuma a kogon Coxcatlán na jihar Puebla an samu shaidar mutane na cin fiya tun shekara 9,000 ko fiye, daga baya kuma suka riƙa zaɓen manya suna shukawa. A ganina, rabin girman ƙwallon da ke tiren Rumuokoro aikin manomi ne. Tambayar da Janzen ya yi daidai ce, fiya ce dai ba ta cika zama shaida mai ƙarfi ba.

Shuka ba ita kaɗai ce aikinsu ba. A kudancin Burazil masu yanka tudu don gina hanya sun riƙa cin karo da wasu ramuka zagayayyu a jikin ƙasa. Heinrich Frank na jami'ar tarayya ta Rio Grande do Sul ya shiga ɗaya da rarrafe, ya ɗaga fitila, sai ga sawun farata a rufi da bango, layi-layi. Shi da abokan aikinsa sun lissafa irinsu fiye da 1,500. Wasu na manyan dabbobi ne masu sulke, manya-manyan kuwa, masu faɗin da mutum zai yi tafiya a tsaye, na raggon ƙasa ne. Akwai ɗaya a jihar Rondônia da in aka haɗa rassansa ya kai mita 600. Da wuya dabba ɗaya ta haƙa wannan, ga alama gado ne ake bari daga uwa zuwa 'ya.

Sai aikin da ido ba ya gani. Babbar dabba tana ci a fadama mai ni'ima ta je ta kasayar a tudu mai ƙarancin albarka. Wani nazari da Christopher Doughty ya jagoranta a 2013 ya ƙiyasta cewa ƙarewar manyan dabbobin Amazon ta rage wannan jigilar sinadarin fosfarus, wato P ɗin da ke jikin buhun NPK, da kashi 98 cikin ɗari. Manomin da ya taɓa roƙon Bafulatani ya kwana da garkensa a gonarsa bayan girbi ya san wannan lissafin tun kafin a rubuta shi.

Wa ya kashe su?

Masana sun kasu. Wasu na ɗora laifin a kan sauyin yanayi a ƙarshen zamanin ƙanƙara, wasu a kan mutum, da yawa kuma sun ce biyun ne suka haɗu. A farin yashin White Sands na jihar New Mexico, wani bincike da aka buga a 2018 ya nuna sawun ƙafar mutum a tsakiyar sawun raggon ƙasa, taki bayan taki, alamar yana bin sa. A wasu wuraren sawun dabbar ya juya ya yi da'ira, ga alamar farata a ƙasa, kamar ta tashi tsaye tana kai duka. A Campo Laborde ta Ajantina an samu ƙasusuwan Megatherium tare da kayan aikin dutse da aka feɗe shi da su shekara 12,600 da suka wuce.

Hujjar da ta fi gamsar da ni ta tsibirai ce. A babban yankin nahiyar dabbobin sun ƙare tsakanin shekara 12,000 da 10,000 da suka shige. A Kyuba da tsibirin da Haiti take kuwa, ƙananan danginsu sun ci gaba da rayuwa har zuwa wajen shekara 5,000 da suka wuce. Zamanin ƙanƙara ya ƙare musu lokaci ɗaya da kowa, bai kashe su ba. Sun ɓace ne bayan kwalekwalen mutane sun iso. Ba ya buƙatar kisan kiyashi. Dabbar da ke haihuwar ɗa ɗaya bayan dogon ciki, in ana ɗauke mata kaɗan fiye da abin da take haifa kowace shekara, ƙarni kaɗan ya isa, kuma babu tsarar mafarautan da za ta lura ita ce ta ƙarshe.

Namu da ke raye

Afirka ta tsira da manyan dabbobinta a wancan karon. Bayanin da aka fi bayarwa shi ne tare suka taso da mutum, sun koyi tsoronsa tun mashinsa bai yi kaifi ba. Don haka abin da masanan Amurka ke haƙilon ganowa daga busasshen kashi, mu a gabanmu yake faruwa. Dabgi, wanda a jini ya fi kusa da giwa fiye da raggon ƙasa, yana haƙa ramin da mugun dawa da beguwa da kura ke gada. Giwa na haɗiye ƙwallon goruba da na giginya ta kai su nesa. Aduwar da muke tsotsa tana da 'yar uwa a kurmi, Balanites wilsoniana, wadda binciken dajin Kibale na Yuganda ya nuna irinta ba ya tsirowa da kyau sai ya ratsa cikin giwa, kuma waɗanda suka tsiro a gindin uwa galibi mutuwa suke yi.

A kasuwannin Fatakwal da Anacha da Inugu kuwa akwai ogbono, wanda duk Bahaushen da ya zauna a Kudu ya ci miyarsa mai yauƙi, ko da da farko ya yatsina fuska. Ƙwayar cikin ƙwallon mangwaron daji ce, itacen da masana ke kira Irvingia. Idan 'ya'yansa suka nuna suka fara zuba, giwayen kurmi kan yi sansani a gindinsa, su haɗiye su ɗungurungum, ƙwallayen su fita lafiya a wani wuri mai nisan kilomitoci. A dajin Ndoki na Kwango an ƙirga irin tsirrai fiye da 90 a kashin giwa. A dajin Salonga na ɗaya Kwangon, wato Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, inda masu farautar haure suka kusa share giwaye, David Beaune da abokansa sun bi itatuwa 18 da suka dogara da giwa, suka tarar 14 ba sa samun isassun 'ya'yan da za su maye gurbinsu. Wanda ya shiga dajin zai ga dogayen itatuwa kore shar ya ce lafiya lau. Gari ne na tsofaffi zalla, babu kukan jariri, kuma da yake itace na yin ɗaruruwan shekaru, sai jikokin jikokinmu ne za su ga ranar da zai zama kufai.

Ogbono ya yi sa'a irin ta fiya, don mutum na son sa. Farfesa J. C. Okafor ya yi aiki a Inugu tun shekarun 1970 kan rarrabe nau'o'insa da yi masa aure don ya yi saurin haihuwa, daga baya kuma cibiyar binciken itatuwan gona ta ICRAF ta tara irinsa a Onne, nan kusa da Fatakwal. Manoma na shuka shi a bayan gida. Itacen da ke da kasuwa ya samu sabon mai ɗaukar kaya. Sauran fa, masu 'ya'ya masu ɗaci ko tauri da babu mai miya da su? Su ne ainihin marayun, kuma su suka fi yawa.

Jihar Ribas ta riga ta yi rashi ɗaya irin wannan, kuma da wuya ka samu wanda ya sani. Akwai wata ƙaramar dorina ta kurmi da ta rayu a fadamun Neja Delta, nesa da 'yan uwanta na Laberiya da Saliyo. Wani jami'in mulkin mallaka, I. R. P. Heslop, ya harbi ɗaya kusa da Omoku a shekarun 1940, ya tara ƙoƙunan kai 'yan kaɗan da suka ƙare a gidan tarihin halittu na Landan. A 1969 aka tabbatar nau'i ne na daban aka sa masa sunansa. Tun daga lokacin babu wanda ya kawo shaidar ganinta da masana suka amince da ita. Omoku ba wata uwa duniya ba ce, daga Rumuokoro mota ake shiga a je a dawo a yini.

Giwayen kuma suna nan, da ƙyar. A 2021 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa giwar kurmi ta Afirka a matakin ƙarshe kafin ƙarewa, bayan ta ragu da fiye da kashi 86 cikin ɗari a shekara 31. Shirin kare giwaye na ƙasa da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2024 ya ƙiyasta cewa giwayen Najeriya gaba ɗaya, na kurmi da na sarari, ba su wuce 300 zuwa 400 ba. Garke mafi girma na Yankari ne a Bauchi. Na kurmi sun rage a Okomu ta Edo, da dajin Omo na Ogun, da gandun Kuros Riba, sai wani ɗan gungu a tsibirin Andoni, gabas da Bonny, a cikin jihar Ribas ɗin nan, inda masunta kan ga sawunsu a yashin bakin teku, wani lokaci ma su gan su suna ninƙaya a ƙorama. An daɗe ana maganar mayar da dajin Andoni gandun da doka ta kare. Kafin maganar ta zama aiki, hanyar mota ta shiga yankin, masu injin yanka katako na biye da ita, gonakin rogo kuma na matsowa. Giwar kurmi ba ta fara haihuwa sai ta haura shekara 20, kuma tsakanin ɗa da ɗa takan yi shekara biyar ko shida.